Mako guda a bin sawun Bayajidda

Litinin

Malam ya amince da taken kundina, amma da sharaɗi. Ya ce, "Littafi zai ba ki labarin Bayajidda, mujalla ce za ta nuna miki inda masana suka saɓa a kansa. Ki fara daga can." Ya rubuta mini sunaye biyu a bayan takarda: Hallam da Smith.

Talata

Na samu maƙalar W.K.R. Hallam a shafin intanet na JSTOR, cikin Journal of African History na 1966. Ya yi ƙoƙarin danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa bore a Arewacin Afirka, ya rasu a 947. Wuta ta ɗauke kafin in gama, sai na ƙarasa a waya.

Laraba

Yau ce ranar da ta fi yi mini daɗi. A ɗakin karatu na tarar da Journal of the Historical Society of Nigeria na 1970, takardunsa sun yi ja, ƙura har a yatsu, wani ya ja layi da fensir a gefen shafi. A maƙalarsa da ke ciki, Abdullahi Smith bai yarda cewa baƙo guda ne ya kafa ƙasashen Hausa ba. A ganinsa ƙauye ne ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, sarauta ta tsiro daga ciki. Shekara huɗu kacal ke tsakaninsa da Hallam, amma kowa da inda ya dosa. Abin da ya fi riƙe ni shi ne ƙananan bayanan ƙasan shafi: kowace magana da madogararta, mai shakka ya bi ya duba.

Alhamis

Wata ƙawata ta turo mini wata "mujalla" ta intanet da ke buga maƙala cikin kwana uku, muddin an biya. Babu masanin da zai iya tace aiki a wannan ɗan lokaci. Na ce mata kada ta kafa hujja da ita, kada kuma ta ba su ko sisi.

Asabar

Na ga kundaye da dama suna ambaton Smith, amma da kalmomin wani da ya karanta shi, har ra'ayinsa ya karkace a hanya. Wannan yana ci mini rai, domin maƙalar tana nan, ba ta fi ƙarfin yini guda ba. Ɗan'uwa ɗalibi, duk maƙalar da za ka sa a kundinka, ka nemo ta ka karanta da idonka.