Darasin da wata kyanwa mai jego ta koya mini

 A wannan mako ba maganar hawan jini ko zazzaɓin cizon sauro na zo muku da ita ba. Labarin wata kyanwa ne da 'ya'yanta, da kuskuren da na tafka da hannuna, ni da nake wuni a bayan kanta ina koya wa mutane yadda za su sha magani.

Shagon maganin da nake aiki yana Agege ne a Legas, gidana kuma yana bayansa, katanga ɗaya ta raba mu. Akwai wata rumfa a tsakani inda muke tara kwalayen da aka kwashe kayan cikinsu. A nan wata kyanwa mai ruwan toka ta tare shekara biyu da suka wuce. Babu wanda ya kawo ta, babu kuma wanda ya kore ta, domin tun zuwanta ɓeraye suka ɗauke ƙafa. Yaran shago suka laƙaba mata suna Maigadi.

Wata safiya a tsakiyar damina yaron shago ya leƙo ya ce, “Anti, zo ki ga abin mamaki.” Na je na tarar da ita kwance cikin wani kwali, 'ya'ya huɗu sun kama nono, idanunsu a rufe, ko wannensu bai kai tafin hannuna ba. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ta ci gaba da lasar su.

A nan na fara kuskure. Na dubi rumfar na ga ƙura da duhu, na ce wannan ba wurin jarirai ba ne. Na ɗauko kwandon wanki na shimfiɗa tawul mai tsabta, na kwashe su na kai falo, uwar tana bin ƙafata tana kuka. Kafin la'asar labari ya zagaye gidan haya. Yarana da na maƙwabta suka cika falon, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa, ana ta hoto da waya. Cikin dare Maigadi ta kama su ɗaya bayan ɗaya a ƙeya ta mayar da su rumfa. Da gari ya waye na sake kwaso su, ina ganin ni na fi ta sanin abin da ya dace.

A dare na biyu ta kwashe uku ta kai wani wurin da ban sani ba. Ƙaramin cikinsu ya rarrafo ya faɗo daga kwandon, ya kwana a kan tayil ana ruwan sama, ƙofa kuma wani ya rufe ta bayan uwar ta fita. Da asuba na same shi jikinsa sanyi ƙalau, da ƙyar yake motsi. Na dama madarar gwangwani, na zuƙa a sirinji, na kwantar da shi rigingine a tafin hannuna kamar jaririn mutum, na matsa masa a baki. Madarar ta fito ta hancinsa. Kafin azahar ya mutu. 'Yata mai shekara bakwai ta tsaya a kaina tana hawaye ta ce, “Mama, ba ke ce mai ba da magani ba?” Na rasa abin da zan ce mata.

Da yamma na kira wata ƙawata da muka yi jami'a tare, ita ta karanci likitancin dabbobi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ƙawata, sanyi ne ya kayar da shi, madarar ta ƙarasa shi. Amma abin da ya fara jawo komai shi ne ɗauke su daga inda uwarsu ta zaɓa.” Garin neman gira na rasa ido. Abin da na koya daga bakinta da kuma karatun da na yi daga baya shi nake so in raba da ku, domin gidaje da yawa a garuruwanmu suna da kyanwa, kuma wata rana za ku wayi gari da irin wannan kwalin.

Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, ta haifi uku zuwa biyar a mafi yawan lokuta. Idan haihuwa ta matso takan nemi lungu mai duhu, mai ɗumi, inda ba a yawan wucewa. Wurin da ni na raina, shi ne daidai a wurinta. Ita take yaga jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe fuskarsa har ya yi numfashi, ta yanke cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Wannan yana cikin abin da ya sa ake cewa kyanwa tana cin 'ya'yanta. Wanda ya leƙa ya gan ta tana tauna da jini a baki sai ya ɗauka ɗa take ci. Gaskiya ne takan cinye wanda aka haifa a mace, kuma idan tsoro ko yunwa suka yi mata yawa tana iya yin watsi da su ko ta cutar da su, amma wannan ba shi ne halinta na yau da kullum ba. Haka ma maganar cewa da zarar hannun mutum ya taɓa su za ta ƙi su saboda wari, ba haka abin yake ba. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne hayaniya da yawan ɗauka. Idan ta ga wuri ya daina zama amintacce sai ta yi ƙaura da su, kuma a wajen ƙaurar ne ake yin asara irin tawa.

Ɗan kyanwa yana zuwa duniya da nauyin kusan giram 100, ido a rufe, kunne a toshe. Idon yakan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14, kuma kada a yi gangancin buɗe masa da hannu. A makonni ukun farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumin kansa, shi ya sa za ku gan su a cure wuri ɗaya ko a jikin uwa. A makon farko suna buƙatar ɗumin da ya kai kusan digiri 30. Mu da ke zaune a ƙasa mai zafi mukan ɗauka sanyi ba matsalarmu ba ce, alhali tayil ko siminti a daren damina ko na hunturu ya isa ya kashe ɗan kwana biyu. Haka kuma ba ya iya fitsari ko kashi da kansa har sai ya kai kusan mako uku. Lasar da uwar take yi masa a ƙasan ciki da gindin wutsiya ita ce take sa ya yi. Wato lasar da muke gani kamar wanka, aiki ne da rayuwarsa ta rataya a kai.

Sai kuma nonon farko, dakashi. A cikinsa ne garkuwar jikin uwa take shiga jikin ɗa, kuma hanjin ɗan kyanwa yana iya karɓar wannan garkuwa ne a ranar farko kawai. Wanda aka raba shi da uwa a wannan rana ya yi rashin da ba a mayar da shi. A nan zan ɗan ratse in yi magana da iyaye mata: har yau akwai gidajen da ake matse dakashin maijego a zubar wai ƙazanta ne. Kyanwa ba ta zubar da nata. Jaririn mutum ma yana buƙatarsa, kuma shawarar masana lafiya ita ce a sa shi a nono cikin awar farko bayan haihuwa.

To mene ne aikinmu idan kyanwa ta haihu a gida? Kaɗan ne, kuma kusan duk a kan uwar yake. A bar ta inda ta zaɓa, sai dai in akwai haɗari a fili kamar ruwa mai shigowa, ko kare, ko hayaƙin janareto. A tsawata wa yara su riƙa kallo daga nesa a makonni biyun farko. A ajiye mata ruwa mai tsabta da abinci kusa, domin mai shayarwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci. Kyanwa dabba ce mai cin nama, tuwo da shinkafa kaɗai ba za su riƙe ta ba. A ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko nama, ko dafaffen ƙwai, ko abincin kyanwa na kanti ga mai hali. A guji sauran miyar gida, domin albasa da tafarnuwa suna lalata ƙwayoyin jininta. Mu da muka tashi muna jin labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, wannan ba sabon darasi ba ne a wurinmu.

Idan kuka tarar da 'ya'yan su kaɗai kada ku yi saurin cewa an yar da su. Uwar takan fita neman abinci ta daɗe. In suna barci shiru, jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, tana nan kusa. Ku barbaɗa ɗan garin fulawa a bakin wurin ku tafi, bayan 'yan awoyi ku dawo ku duba ko akwai sawunta. Amma in suna ta kuka ba tsayawa, ko jikinsu ya yi sanyi, ko kun tabbatar mota ta buge uwar, to aiki ya dawo hannunku.

Farkon abin yi shi ne ɗumi, kafin abinci. Ɗan kyanwar da ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da komai. A naɗe gorar ruwan ɗumi da zane a jingina shi, ko a sa shi a jikin mutum cikin riga, ya ɗumama a hankali. Bayan haka a nemi wata kyanwa mai shayarwa a unguwa, domin sau da yawa sukan karɓi ɗan da ba nasu ba. In ba a samu ba, akwai madarar da aka yi musamman don 'ya'yan kyanwa a shagunan kayan dabbobi. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, ba ta ƙunshi abin da suke buƙata ba, kuma tana sa su zawo. Wajen shayarwa a kwantar da shi rub da ciki kamar yadda yake kama nonon uwa, a ɗiga masa kaɗan-kaɗan yana haɗiya da kansa, duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare. Kwanciyar rigingine da matsa sirinji da ƙarfi su suke tura madara cikin huhu, kamar yadda ya faru a hannuna. Bayan kowace shayarwa a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa gindin wutsiya har ya yi fitsari. Mai ma'aunin kicin ya riƙa auna shi kullum: lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana.

Yanzu ga maganar da ta shafi sana'ata kai tsaye. Makonni kaɗan bayan abin da ya faru, wata baiwar Allah ta shigo shago ta ce in ba ta farasitamol na ruwa irin na yara, wai kyanwarta ta haihu, jikinta ya yi zafi ta ƙi cin abinci. Na ce mata, “Hajiya, wannan ba zan sayar miki ba.” Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da namu yake amfani da shi wajen sarrafa farasitamol a fitar da shi. Sai maganin ya koma guba, jininta ya kasa ɗaukar iskar numfashi, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa. Ibuprofen da asfirin ma haɗari ne a gare ta. Haka maganin ƙuma da kaska da aka yi don kare, musamman mai sinadarin famitirin, da fiya-fiya da ake yayyafawa a lungunan gida. Mai jegon da ta yi zazzaɓi, ko nononta ya kumbura ya yi tauri, ko wani ruwa mai wari yake fita daga gabanta, ko jikinta yake karkarwa, likitan dabbobi take buƙata a ranar. Akwai su a asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a manyan garuruwanmu.

Lafiyar mutanen gida ma tana cikin lissafi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda ƙwayar cutar toksofilasma da ke iya illata ɗan da ke ciki. Wani ya riƙa kwashewa kullum, domin ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana aƙalla ɗaya. Ba sai an kori kyanwar daga gida ba. Wanda kyanwar da ba a san tarihinta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake ɗauke da shi ba.

Daga mako biyu zuwa bakwai ne lokacin da ya dace yara su fara taɓa su a hankali, babba yana kusa, don su saba da mutane. A mako na huɗu sukan fara lasar abinci mai laushi. Kada a raba su da uwa a kyautar kafin mako takwas, in da hali a kai 12. Likita zai tsara maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi, ta haukan kare kuma daga wata uku. A tambaye shi batun yi wa uwar aikin hana haihuwa, domin tana iya sake ɗaukar ciki tun ba ta yaye waɗannan ba.

Maigadi kuwa, sai bayan kwana uku muka gano inda ta kai sauran: ƙarƙashin matakala, bayan wasu tsofaffin bokitai. A wannan karon ban taɓa ko ɗaya ba. Ni da 'yata muka riƙa ajiye kifi da ruwa a bakin wurin safe da yamma, mu juya. Ran da suka cika wata ɗaya ita da kanta ta fito da su tsakar gida, uku ras, suna tangaɗi a bayanta. 'Yata ta dube ni ta ce, “Mama, yanzu za mu iya ɗauka?” Na ce ta zauna a ƙasa ta jira su zo da kansu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, da yardar Allah.