Aberdeen, Garin Denis Law

Aberdeen gari ne na dutse. Gidajensa, coci-cocinsa da ofisoshinsa da yawa da dutse mai ruwan toka aka gina su, ga iskar teku tana kaɗawa ba dare ba rana. Daga tashar jirgin ƙasa na taka zuwa dandalin Marischal, a nan na tarar da mutum-mutumin tagulla na ɗan ƙwallo Denis Law, ya ɗaga hannu sama kamar yadda yake yi in ya ci ƙwallo. A 2021 aka kafa shi, yana da ransa.

Abin da ya burge ni shi ne, Law bai taɓa buga wa kulob ɗin Aberdeen ba. Yana ɗan saurayi Huddersfield ta ɗauke shi zuwa Ingila. Amma mutanen garin ba su riƙe shi da wannan ba, ɗansu ne.

Na hau bas zuwa Printfield, unguwar da ya tashi bayan haihuwarsa a 1940. Unguwar talakawa ce, har yau ba ta canza hali ba. Mahaifinsa masunci ne, Law ne auta cikin 'ya'ya bakwai, kuma takalmin ƙwallonsa na farko kwance ne, maƙwabci ya ba shi. Ga shi siriri, ga harara-garke, har sai ya rufe ido ɗaya yake iya bin ƙwallo. Huddersfield ce ta sa aka yi masa aikin idon.

Daga nan sai Manchester City, sai Torino ta Italiya, sai Manchester United a 1962, inda ya ci ƙwallaye 237. A 1964 ya lashe Ballon d'Or, kuma har yanzu babu wani ɗan Sikotilan da ya sake ɗaukar ta. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya a bas bai tsaya kan wannan ba. Shi labarin 1974 yake so, ranar da Law, bayan ya koma City, ya zura wa United ƙwallo da dunduniya a kakar da ta faɗa rukuni na biyu, ya ƙi yin murna, ya fice kai a sunkuye. Dattijon yana faɗa yana girgiza kai, sai ka ce jiya aka yi.

Law ya rasu a Janairun 2025. A titin Catherine akwai filin wasa mai ɗauke da sunansa, yaran unguwa na shiga kyauta, ko sisi ba a karɓa.