Ashe Ƙwayoyin Cuta Ma Sai Sun Yi Gayya!

Wallahi da idona na gani! Ina gida sai Baudeta ɗiyar yayana, mai karatun ilmin ƙananan halittu, ta kira ni ta bidiyo, ta ce, "Baba, dubi nan." Faranti biyu na gilashi, bakteriya iri ɗaya: ɗaya shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, ɗaya fari fat. Na ce ai na biyun sun mutu. Ta ce suna nan da ransu, hana su jin juna kawai aka yi. Jin juna? Ƙwayar cuta?

Ashe a irin waɗannan bakteriya kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan sinadari, AHL. In su kaɗan ne sai su yi lamo. Da sinadarin ya taru suka san sun yi yawa, sai su tashi gaba ɗaya, su zuba dafi, su yi yauƙin da magani ke wahalar ratsawa. Gayya ke nan, sinadarin shi ne gangar kira. A 1970 Nealson da Hastings suka fara lura da haka a Amurka, a jikin wasu bakteriyar teku da ba su haske sai sun cika.

Kuma a tekun akwai masu fasa gangar! A 2015 masana a birnin Qingdao na ƙasar Sin suka bayyana MomL, sinadarin da bakteriya Muricauda olearia ke fitarwa yana daddatsa AHL ɗin. Ba a kashe kowa, cutar dai ta rasa hanyar taruwa.

Tsigar jikina ta tashi, don na san yadda muke kwasar kafso a kasuwar Tasawa muna sha ba lissafi, abin da ke sa cuta ta daina jin magani. A 2019 cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma yammacin Afirka ne ya fi jin jiki.

Har yanzu dabarar fasa gangar tana matakin gwaji. Amma na farkon irin wannan sinadari mai fasa ganga, AiiA, a 2000 aka gano shi a Singafo, jikin bakteriyar ƙasa, har ya kare dankali daga ruɓewa. Ƙasa fa, ba teku ba! Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, don Allah ku ɗebo ƙasar Gulbin Kaba ku gwada.