Shirin Tafiya Bisa Basukur Daga Horo Birni

Zuwa ga Edita.

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in bayyana wa 'yan'uwana ma'aikata da malaman makaranta wata niyya da na ƙulla, ko Allah ya sa a sami wanda zai taimake ni da shawara tun ban tashi ba.

Ni akawu ne a Sakkwato, amma dangin mahaifiyata mutanen Horo Birni ne, cikin ƙasar Shagari. Bara da damina aka yi mana rasuwa a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Na sauka Horo Birni, na ari basukur, na ƙi tambayar kowa hanya don ina taƙama da taswirar da ke cikin wayata. Taswirar nan ta nuna mini hanya miƙaƙƙiya kamar an ja ta da rula. Na bi ta, ban ankara ba sai ga ni tsakiyar fadama, laka har gwiwa, basukur a kafaɗa, ga rana tana shirin faɗuwa. Wani dattijo mai kiwon awaki shi ya fid da ni. Da ya ji inda za ni sai ya yi dariya, ya ce, "Yaro, ai wagga hanyar rani ce. Da ruwa ya sauka ba mai bin ta sai kwaɗi." Ya tsuguna ya zāna mini hanyar damina a ƙasa da sandarsa, da tsamiyar da zan karkata a gindinta, da rijiyar da zan bari a hannun hagu. Na isa bayan an watse daga zaman makoki na ranar, kunya ta ishe ni.

Tun daga ran nan abin ke damuna. Hanyar mota wadda ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, kowa ya san ta, kowace taswira kuwa ta zāna ta. Amma talakawa ba bisa kwalta suke kwana ba. Hanyoyin da suke bi zuwa gona da kasuwa da asibiti da makaranta, watau turbobin ƙafa da na jaki da na basukur, suna cikin kan tsofaffi ne kurum, kowace kuwa iri biyu ce, ta rani dabam, ta damina dabam. Niyyata in bi su da kaina bisa basukur, in auna su, in rubuta.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar 'yan boko ce. A 1824, sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zāna masa yadda kogin Kwara ke gudu, aka kuma ba shi taswirar ƙasashen nan, har aka buga ta a Landan a 1826. Ashe Bature ne ya zo neman sanin hanya wurinmu. Bayansa, a 1853, Bajamushen nan Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari ya isa Gwandu, agogo da kamfas a hannunsa, yana rubuta kowane gari da kowane rafi. A Gwandu ɗin ne ya sami littafin Tarihin Sudan na malaman Tumbutu ya kwafi abin da ya iya. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su haddace garuruwa da kogunan ƙasarsu. To, in ɗan Shagari ya iya jera Nijeriya duka cikin waƙa, ai abin kunya ne a ce mun kasa jera ƙauyukan da ke bayan gidansa a takarda.

Ga yadda na tsara tafiyar. Zan tashi daga Horo Birni cikin watan Disamba, bayan an kau da amfanin gona, ƙasa ta bushe, zafi bai kankama ba. In fara yin arewa zuwa Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Sifawa da ke kusa da ita, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815. Daga nan in juyo kudu ta ƙauyuka zuwa Shagari, in bi sawun Abdulkarim har Gwandu, wadda ke cikin Jihar Kabi tun 1991, in komo ta Yabo. Hutun mako biyu gare ni. Ba na son in wuce mil ashirin a yini, gama ba tsere na fito ba, tsayawa da tambaya su ne aikin. In Allah ya kai mu watan Agusta kuma in sake bin yankin Horo Birni da Shagari kaɗai, in ga abin da ruwa ya canja.

Batun awo shi ne na fi so malaman lissafi su duba mini. A makarantar Mishan inda na yi karatu an koya mana cewa in kana son zagayen da'ira sai ka riɓa fāɗinta da 22 ka raba da 7. Ƙafar basukur ɗina inci 28 ce, zagayenta ya zama inci 88 ke nan. Mil guda inci 63,360 ne. In ka raba, sai ka tarar ƙafar tana juyi 720 cif a mil guda, ko kuwa kamar 447 a kilomita. Amma ba mai iya ƙidaya juyin ƙafa yana tafe. Saboda haka na ƙidaya haƙoran faranti, na gaba 48, na baya 18, watau in na juya feda sau 3 ƙafa ta juya sau 8. Mil guda ya zama juyin feda 270. Duk sa'ad da na cika 270 sai in ɗauki tsakuwa ɗaya daga aljihun dama in jefa na hagu. Na gwada wannan bisa kwalta ya yi kusa da daidai ƙwarai. Aibinsa biyu. A gangara, in ka saki feda, lissafi ya ɓace, sai ka daure ka riƙa juyawa ko da birki a hannu. Cikin rairayi kuma ƙafar baya takan yi ta juyi a banza, mil ya yi tsawo a takarda alhali a ƙasa bai kai ba. A irin wurin nan sauka zan yi in tura, in ƙidaya juyin ƙafar gaba da jan ƙyalle ɗaure a jikinta.

Na san wani zai ce, me ya kai ka wannan wahala ga waya tana auna tafiya ta tauraron ɗan Adam? Zan riƙe ta, zan kuma yi aiki da ita. Sai dai waya takan mutu inda babu wuta, ba ta kuwa san sunan tsamiya ba, ba ta san rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris ba. Littafi da fensir su ne uwar tafiya. In na dawo, abin da ya dace zan sa shi cikin OpenStreetMap, taswirar nan ta kyauta da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ƙara abin da ya sani.

Guzurina kaɗan ne: famfo, da faci da sholisho, da tif biyu, da sifana, da jarkar ruwa bisa kariya, da bargo saboda hunturu, da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Ƙaya ita ce babbar abokiyar gāba, tun ba tsidau da ta aduwa ba, don haka duk garin da na tarar da mai faci zan rubuta shi kamar yadda zan rubuta asibiti.

Wannan aiki ba na shaƙatawa ba ne kaɗai. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun daɗe suna aiki da taswirar hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba da nufi ba, sai daga wajen 2012 da aka shiga zāna garuruwan Arewa da hotunan sama aka gano wuraren da ba a taɓa zuwa ba. A 2020 aka shaida cutar ta daji ta ƙare a Nijeriya. Garin da ba ya cikin takarda, allura ba ta isa gare shi. Sa'an nan ga sha'anin ruwa. A watan Afrilu na 2022 jirgin ruwa ya kife a gulbin Shagari da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa masu zuwa neman itace. Allah ya jiƙansu. Saboda su na ƙudura duk mashigin da na iske in rubuta shi filla-filla: ko ana ratsawa da ƙafa, ko sai da jirgi, mutum nawa jirgin ke ɗauka, mil nawa ne kuma in mutum ya zaɓi ya zagaya ta tudu.

Saura abin da ya fi hana ni barci. Zaman yau ba irin na dā ba ne. Baƙo mai littafi da waya, yana tambayar hanya yana rubutu, ba wuya a ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayin daji, ba kuwa zan ga laifin wanda ya zarge ni ba. Don haka ba zan shiga gari ba sai na fara faɗuwa gaban mai gari na nuna takardar uban ƙasa, ba zan yi tafiya bayan la'asar ba, inda aka ce kada in bi kuwa ba zan bi ba. Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Taswirar da za ta kai malamin asibiti ƙauye, ita ce za ta kai ɓarawo. Wani kawuna a Horo Birni ya ce mini ƙiri-ƙiri, akwai turbar da in na zāna ta ya yafe ni, don ta nan mata da yara za su bi in an yi gudu. Na yi masa alkawari. Abin da na yanke shi ne, kowane gari zan karanta wa dattawansa abin da na rubuta kafin in tashi, abin da suka ce a fitar in fitar, abin da suka ce a bari ya tsaya cikin littafina, in mai gari ya so in bar masa kwafi. Na sani wannan zai bar taswirata da giɓi, masana kuma za su ce aikin bai cika ba. Na yarda da giɓin.

Roƙona ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na Boɗinga da Danchaɗi da Dingyaɗi da Jaredi da Kajiji da Dandin Mahe da Lambara, su aiko ta hannun Edita da ranakun kasuwannin yankinsu, da sunayen ƙauyuka yadda masu su ke faɗinsu, gama na ga an ɓata sunaye da yawa a takardun ofis har mai garin ba ya gane garinsa. In kuma akwai saurayi mai basukur da ƙarfin gwiwa wanda ya san ƙasar tsakanin Shagari da Gwandu, ina neman abokin tafiya, abincinsa da facinsa a wuyana.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Sakkwato.