Kantin da aka gina domin mai mota

A ranar 15 ga Yuni, 1963, kamfanin Carrefour ya buɗe wani katafaren kanti a Sainte-Geneviève-des-Bois, wani gari da ke kudu da birnin Paris. Faɗinsa murabba'in mita 2,500 ne, kuma a ƙarƙashin rufi ɗaya ake sayar da nama, tufafi da kayan gida, ga gidan mai a harabarsa. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali yana waje: filin da ke cin ɗaruruwan motoci.

Wannan fili shi ne ginshiƙin kasuwancin. A bayan gari ƙasa tana da araha, don haka ana iya shimfiɗa gini, a sayo kaya da yawa kai tsaye daga masana'anta, a rage riba a kan kowane abu, yawan ciniki ya cike giɓin. Amma lissafin ba ya fita sai da wani irin mai saye: wanda ke da motar da za ta kai shi, da firij ɗin da zai adana cefanen mako guda, da albashin da zai ishe shi biyan kuɗin a lokaci ɗaya. Faransa ta shekarun 1960 tana ta samar da irin wannan magidanci.

Ƙananan 'yan kasuwar cikin gari su suka ji a jikinsu. Kokensu ya kai ga dokar Royer ta 1973, wadda ta wajabta neman izini na musamman kafin a gina babban kanti. Ta rage musu gudu, ba ta tsayar da su ba.

Mutumin Kano ya ga wani abu mai kama da wannan, ko da yake a cikin gari. Shoprite ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero a 2014, ya rufe a Janairun 2024. A tsakanin, da yawa sun san wurin a matsayin wajen shan iska da ɗaukar hoto ranar sallah fiye da wajen cefane, kuma ba laifinsu ba ne.

Uwargidan da wutar lantarki ke ziyartar unguwarta jefi-jefi ba ta da dalilin tara nama na kwana bakwai. Tana aika yaro wurin mai shago ya auno shinkafa rabin kwano, man gyaɗa na ɗari biyu, magi guda uku. In wata ya yi nisa, mai shagon ya buɗe littafin bashi ya rubuta sunan maigidan, domin ya san shi, ya san mahaifinsa, tare suke sallar asuba. Ta san cewa idan aka tara, ta fi mai sayen buhu biyan kuɗi. Amma yarinyar da ke zaune gaban na'urar karɓar kuɗi a babban kanti ba ta da ikon ce mata, "Je ki, Hajiya, sai ƙarshen wata."