Ruwan da Ya Kwana

Shekara shida muka yi muna kiwon karfasa cikin akwatin gilashi a makarantar da muke koyarwa a Gwandu, ba mu taɓa zaton canza wa kifi ruwa abu ne mai bukatar ilimi ba. Guga muke zurawa a rijiya mu cika musu, su ci gaba da wasansu. Da aka yi mana canjin wurin aiki zuwa Kalgo a 2021, akwatin nan muka fara ɗorawa a mota kafin katifa.

Shekarar ce cutar amai da gudawa ta ratsa jihohin Arewa, har da Kebbi. Saboda haka aka riƙa zuba sinadarin kulorin a tankin da ke ba famfon makaranta ruwa. Mun sani sarai, don mu muka yi wa ɗalibai bayaninsa a taron safe. Amma ranar wata Alhamis muka sa yara suka kwashe ruwan akwatin kaf, suka tara sabo daga famfo. Kafin sallar Juma'a kifi tara sun juya ciki sama. Mai karatu, kunyar ta fi hasarar ciwo.

Ba mutuwar kifin ta hana mu barci ba. Wata yarinya ce 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan da ya kashe kifi shi muke sha?" Aji ya yi tsit. Muka hango maganar ta isa gidaje arba'in kafin la'asar, iyaye sun koma ɗibar ruwan kududdufi a tsakiyar annoba.

Muka ajiye darasin ranar. Muka buɗe kumatun kifi ɗaya, muka nuna musu jan naman nan mai laushi da yake numfashi da shi. Mutum shan ruwa yake yi, ɗan kulorin da ke ciki, wajen rabin miligiram a lita, ba ya cutar da shi, ƙwayoyin cuta yake kashewa. Shi kuwa kifi ruwan ne iskarsa, dare da rana yana bi ta wannan nama, sinadarin ya ƙone shi.

Wani dattijo Basarke da muka je sayen wasu 'ya'yan kifin wurinsa ya saurari labarinmu, ya yi dariya har da tafa hannu. "Malam, da bokonka duka? Ko mu ba mu sa kifi cikin baƙon ruwa sai ya kwana."

Abin da littafi ya ce ke nan. A tara ruwan a baho mai faɗin baki, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, kulorin ya bi iska. A ajiye shi kusa da akwatin don sanyinsu ya zo ɗaya, musamman da hunturu. Kuma kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa, ba duka ba.

Yarinyar nan muka ɗora wa aikin bahon. Duk Laraba takan tara ruwa, ta rubuta ranar da alli a jikinsa, kuma ko mu ba ta bari mu taɓa sai Juma'a. Daga famfon nan take cika gorarta ta sha.