Maiurno, Zangon da Ya Zama Gida

Na tashi a Maiurno, a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a hannun tsofaffin da ba su taɓa yarda cewa tafiya ta ƙare ba. Kakana a garin aka binne cibiyarsa, amma in an tambaye shi asalinsa sai ya ce Sakkwato, in an ce ina aka nufa ya ce Makka.

Gadon wannan magana ya yi. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, da mata da goyo, har ƙasar Sudan. Sun fara sauka a Shaikh Talha, daga baya suka haye kogi suka sari daji, garin ya ci sunansa. Abin da ke sosa mini rai har yau shi ne, Turawan da suka guje wa su suka tarar suna mulki a nan ma.

Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu suka zama 'yan tsinka. Kakana ya yi wannan aiki har bayansa ya ranƙwafa. Duk kakar auduga yakan ware wani abu ya jefa a gwangwani, guzurin jirgin ruwa daga Sawakin. Fari ya zo a taɓa, aure ya zo a taɓa. Haraminsa kuwa na ƙasan akwati a ninke, kakata ta fito da shi ta shanya, ta mayar.

Mu yara ba ruwanmu. Da safe koko da ƙosai, da rana kisra, da yamma mu bi masunta bakin ruwa. A ƙofar fadar Sarki ka ji Fulatanci, a kasuwa Hausa, a makaranta Larabci, kuma ba mu taɓa jin nauyin ko ɗaya ba.

Sai da na girma na je birni neman takardar zama ɗan ƙasa na san cewa Fallata ake kiranmu, baƙi. Ma'aikacin ya tambaye ni ranar da muka zo. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Faɗa masa, ɗan nan, kaburburan kakanninka uku suna Maiurno." Duk da haka sai da muka koma gida muka zo da shaidu.